Ƙafar Bakanike

Ƙanwata ta tsufa a kujerar direba, amma ba ta taɓa tuƙa mota ba. Mijinta bakanike ne, gwanin birki, marowacin da bai yarda da ɗaukar ma'aikaci ba. Fitar da iska daga birki kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya a ƙasa yana sassauta noti, ɗaya a ciki yana taka birkin. Tun tana amarya ya zaunar da ita a ciki. Ƙafa yake kiranta, har masu kawo gyara suka ɗauka sunanta ke nan.

"Taka. Riƙe. Saki." Hirarsu ke nan a gareji. A gida ko wannan ba ta samu. Shi ya sa da gwiwarta ta dama ta fara kumbura, sai ta ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin zani. Ta ji yana tambayar wani injin tsotse iska da ba ya bukatar mutum na biyu.

"Yaya, in ya sani, zaman gida ya kama ni," in ji ta.

Na ce, "Ai gidan naki ne."

"Da wa zan yi magana a ciki?"

Ranar da na kai mata man zafi, wani likitan haƙori ya kawo motarsa, ja, mai ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa kamar ƙadangare. Daga gida zuwa asibiti kawai take kai shi, amma birkin 'yan tsere yake so. Bakanike ya ɗora ta a kan jak, ya cire tsofaffin faifan birki ya sa manya masu huje-huje, ya sa sababbin takalman birki. Saura man birki. Likita ya zo da wani mai tsada wanda ba ya tafasa komai zafi, kuma sai an kore tsohon kaf, taya bayan taya.

Kujerar motar kamar rami take. Sai da na riƙe wa ƙanwata hannu ta sauka ciki. Likita ya shimfiɗa jarida tukuna, don kada ta ɓata masa fatar kujera.

Tayoyin baya sun tafi lafiya. Ina kallon baƙin mai yana bin siririn tiyo zuwa kwalba, yana washewa a hankali. Ina kuma kallon zufa a wuyanta. A tayar gaba mijin ya ce riƙe, ya sassauta noti, ya tsaya ba likita labarin faifai. Ta riƙe. Ƙafar ta soma rawa, ta danne gwiwar da hannu biyu. Sai ƙafar ta zame, birkin ya dawo sama, iska ta koma ciki.

Ya fito daga ƙarƙashin mota bai ɗaga murya ba. Ya yaye gefen zaninta da kan sifana, a gaban baƙo, ya ga tsumman.

"Likita, kana cire ƙafa, ko haƙori kaɗai?"

Likita ya yi dariya, ya ce ai Baba ya iya barkwanci.

Bakanike ya ce, "Ruɓaɓɓen abu dai duk ɗaya ne. Fito, Ƙafa. Yaya, ko taki na aiki?"

"Tawa ta shuri ce," na ce masa.

Likitan ne ya shiga ya taka da kansa, yana jin daɗi kamar an ba shi sarauta. Ita tana zaune a kan tsohuwar taya, tana gaya masa a hankali kada ya kai birkin har ƙasa. Ba wanda ya waiwayo.

Injin ya iso kafin kumburin gwiwar ya sace. Ɗan abu ne, bai fi buta ba. Ta kai abincin rana gareji, ya karɓi kwanon a bakin ƙofa, ya ce daga yau a bar shi a gida, zai ci in ya dawo.

Yanzu yini take a ɗakina. Na ce ta kwaso kayanta gaba ɗaya, ta ce a'a, injin Malam na iya lalacewa. Na je na duba da idona. Ƙarfe ne mai kauri, ba ranar lalacewa, zai binne mu duka.