Inda Ungulu Ke Ƙwai

A shekarun da aka yanke mana Jigawa daga Kano, ina yaro a Fagam, kuma duk gidanmu ba wanda ya kai ni surutu. Bayan isha'i kakarmu Iya Kande takan hura wutar kara, ta binne gyaɗa a toka, mu zagaye ta. Maganar gaskiya gyaɗar ce ke kawo mu. Amma akwai tatsuniya ɗaya da in ta ɗauko, sai gyaɗar ta ƙone ba wanda ya tuna da ita.

"Ga wata nan a bakin zaure," in ji ta. Mu ce a shigo da ita.

Wai wani baƙo ne ya sauka a gari rataye da gora, ga fara'a ga iya gaisuwa. Ya sami wata yarinya mai kiwon awaki, wadda ta san daji ciki da bai. Ya ce, 'yan mata, ina zomo ke kwana? Ta faɗa masa. Ya raɗa a bakin gorar, ya toshe. Washegari aka nemi zomo a dajin aka rasa. Haka ya yi wa zabin daji. Sannan ya tambayi inda ungulu ke ƙwai. Ba ta so faɗa ba, amma babba ne, kuma baƙo, ta ji nauyin hana shi. Tun daga ranar mushe ya riƙa ruɓewa a bayan gari, ƙuda ya yi yawa, ciwo ya bi gida-gida.

"Iya, ita yarinyar me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Ku tashi ku kwanta."

Na tsani wannan amsar, kuma tana ba ni tsoro.

Yanzu ina koyarwa a wata jami'a. Akwai wani rumbun bayanai a intanet inda masu bincike ke rubuta duk halittar da suka gani, da ranar, da lambobin taswira masu nuna ainihin wurin. Nakan rubuta wa kwamfuta 'yan layukan umarni, ta shiga rumbun ta sauko min da abin da nake so. Wata rana na ce ta kawo min ungulun Birnin Kudu da Gwaram. A da har korar su ake yi a mahauta, amma abin da ya sauko bai cika shafi ba. Layin ƙarshe sabo ne: sheƙa a kan wata kuka cikin duwatsun Gwaram, da ɗan tsako a ciki.

Murna ta sa na yi ta baza labarin a wajen wani suna. Bayan kwana biyu Alhaji Sule ya kira ni, aminin marigayi babana, mai motocin haya, wanda ya sha kai ni makaranta.

"Ɗana, wannan takardar ungulun, turo min ita a waya. Wani yarona ke bincike."

Na san ana sayen kan ungulu da ƙwanta don tsibbu. Na sani sarai. Share lambobin taswirar aikin layi ɗaya ne, amma in ya sake kira ya ce ba su cika ba, da wane baki zan amsa? Na ce to, Baba. Na tura.

Ina yaro baƙon nake tsoro. Sai da na girma na gane abin tsoron shi ne nauyin nan da aka raine mu da shi, wanda ke sa mutum ya ce to alhali ya san bai kamata ba.

Da na je gida hutun sallah na bi lambobin da wayata har gindin kukar. An kafa sababbin turaku a jikinta tun daga ƙasa har sama, irin na masu ɗiban zuma. Kiraren sheƙar a watse a ƙasa, ga gashi. Wani dattijon Bafillace yana kiwo a kusa, muka gaisa.

"Malam, tun ina saurayi na san kukar nan, ban taɓa nuna wa kowa ba," in ji shi. "Waɗanda suka hau ta kuwa ba su tambayi hanya ba. Waya suke kallo, ta kawo su kai tsaye."

Sai ya dubi wadda ke hannuna.