Abin Da Ban Faɗa Wa Tsohon Longsight Ba

Ban tabbata ko ya dace in rubuta wannan ba. An riga an duba takarduna, an ce ba ni da laifi, kuma wataƙila ya kamata in yarda da hakan in yi shiru.

Shekara huɗu na yi ina aikin jinya a sashen gaggawa a Kano kafin in taho Ingila. Birmingham na fara sauka, na kama haya a Aston, na yi karatun aikin motar asibiti, daga baya aka ɗauke ni aiki a Manchester. Ɗaki ɗaya na samu a Ardwick, cikin gidan ɗalibai, ni kaɗai ne mai fita da sassafe. Lokacin gwamnati na ta tsuke bakin aljihu. An rage gadaje, an rufe wasu wuraren da hukumar gari ke kula da tsofaffi. Sai mu kai mara lafiya asibiti mu tsaya da shi a bakin ƙofa awa uku ko huɗu, rediyon mota na ta sanar da wasu da ke kwance a ƙasa suna jiranmu.

Abokiyar aikina Baturiya ce, a shekaru ta kusa haifata, ta daɗe a aikin. Farfesa take kirana, don komai sai na duba sau biyu.

"Farfesa, ka gama ƙirga bandejin, ko in kawo maka kujera?"

Ranar da abin ya faru, bayan azahar aka tura mu wani gida a unguwar Longsight, nan Manchester, bayan kasuwa: dattijo mai shekara saba'in da wani abu, ciwon ƙirji. Tun daga bakin ƙofa na ji ƙanshin daddawa. Wanda ya buɗe mana ɗansa ne, akanta, da taye a wuya, daga ofis ya rugo. Ya dubi fuskata, ya ce, "Malam, Bahaushe ne?" Na ce eh. Ya ce, "Alhamdulillahi, thank God. Shigo ka yi masa magana, ni ba ya jin tawa."

Tsohon na zaune a kan darduma a falo, ya jingina da kujera. Tsohon hedimasta ne daga Zariya, ya zo ganin jikoki. Na yi sallama, na ba shi haƙurin shigowa da takalmi, na ce dokar aiki ce. Ban san lokacin da na durƙusa ba.

"Baba, yaya jikin?"

"Jiki lafiya lau, yaro. Wake na ci jiya, shi ne ya tokare ni. Wannan ɗan nawa ne mai tsoro, tun yana ƙarami haka yake, ko kaza ba ya iya yankawa."

Muka yi masa gwajin zuciya. Takardar ba ta nuna wani babban abu ƙarara ba, amma akwai ɗan layin da bai kwanta mini ba. Goshinsa da gumi, ga ciwon suga. Na nuna wa abokiyar aikina, ta gyaɗa kai, ta ce asibiti za mu kai shi.

Da na faɗa masa, sai ya yi dariya.

"Can ɗin? Watan jiya wannan ɗan nawa ya kai ni. A kan kujerar roba na wuni, ga wani bugagge yana amai kusa da ƙafata, ko wurin alwala babu. Kuma gobe suna a Birmingham. 'Yata ce ta haihu bayan shekara tara, namiji, sunana za a sa masa. Ka ce in je in zauna a baranda?"

Ɗan ya ce, "Monday zan kai shi wajen GP, likitan unguwarmu, da kaina, wallahi, first thing."

Ƙa'idar aikinmu a nan ba ta da ruɗani. Mutum mai hankalinsa yana da ikon ƙin zuwa asibiti, amma kafin ya sa hannu a takardar ƙin, sai ka faɗa masa abin da zai iya faruwa ba tare da kwana-kwana ba. Sai ka ambaci mutuwa da bakinka. Na yi hakan da Turanci ba sau ɗaya ba. Na taɓa duban wani tsohon direban bas na ce masa zai iya mutuwa kafin yamma, ya zage ni, ya ɗauki hularsa ya shiga mota.

Amma ranar ina durƙushe gaban sa'an mahaifina, da Hausa. A gida ba a duban mara lafiya a ce masa zai mutu, ballantana dattijo, ballantana a gaban ɗansa, ana gobe suna. Ko a asibitin Kano, waje muke jan 'yan'uwa mu faɗa musu. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, da dai ka daure an duba, kada abin ya zo ya yi tsanani."

"Allah ya yi maka albarka. Ina takardar?"

Abokiyar aikina ba ta jin Hausa. Ta tambaye ni, "Ka faɗa masa zai iya mutuwa?"

Na ce na faɗa masa.

Har yau ina juya wannan amsar. Ina ganin a lokacin na ɗauka ya gane, don mutumin gida ya san abin da ake nufi in an ce tsanani. Ko kuwa so na yi in ɗauka haka. Kuma ba zan ɓoye ba, rediyo na ta kira, na san in muka ɗauke shi, a layin asibiti za mu ƙare aikin ranar. Ban san nawa ne kunya a ciki ba, nawa ne gajiya. Ya sa hannu da kyakkyawan rubutun malaman da. Na rubuta cewa an bayyana masa haɗarin, har da mutuwa.

A masallacin Juma'a na ji sanarwar rasuwarsa. Ya je Birmingham, an raɗa suna da safe, bayan la'asar ya faɗi a ɗakin 'yarsa.

Na hau bas zuwa Birmingham ta'aziyya. Gidan a Aston yake, layi biyu daga inda na taɓa zama. A hanya na shirya abin da zan ce, na maimaita shi ya fi sau goma. Da na shiga, ɗan ya taso ya kama hannuna da hannu biyu, ya juya ga mutanen da ke zaune.

"Ga paramedic ɗin, ma'aikacin motar asibitin da nake ba ku labari. Har muka iso Baba na sa masa albarka a mota. Ya ce tunda ya zo ƙasar nan bai ga yaro mai tarbiyya irinsa ba."

Aka yi ta cewa Allah ya saka, lokaci ne ya yi. Aka miƙo mini ruwa da dabino. Na yi addu'a, na tashi na fita da maganar da na shirya a cikina.

A wurin aiki an duba takardun, kamar yadda ake yi in mutum ya rasu jim kaɗan bayan mun bar shi. Shugabanmu ya ce rubutuna ya cika, har ma abin koyi ne. Abokiyar aikina ta dafa kafaɗata ta ce, "Ka faɗa masa, ya zaɓa. Bar shi nan, Farfesa." Ita ma ban gyara mata ba. Takardar zamana a ƙasar tana rataye da aikin, kuma na ji tsoro.

Likita na iya cewa ko an kai shi ba lallai ya tsira ba. Mai yiwuwa ne. Ni dai na san ban ba shi abin da zai yi zaɓi da shi ba.

Bayan wasu watanni aka sake tura mu Longsight, wajen wata tsohuwa mai haki, ita ma ta ce ba za ta je ba. Na ji 'yarta na lallashinta da Hausa. Na tsaya a tsaye, ban durƙusa ba, ban yi sallama ba. Da Turanci na ce za ta iya mutuwa yau, na sa 'yar ta fassara. Ta yarda, muka ɗauke ta.

A cikin mota ta daɗe tana kallona ta saman abin numfashin da na sa mata a hanci. Can ta janye shi ta ce, "Ɗan nan, kai ba namu ba ne?"

Na mayar mata da shi kan hancinta, na juya ina duba allon bugun zuciya har muka isa layin asibiti.