Ruwan da Ya Karɓi Kaka

Jiya jikata ta buɗe kwalbar man kwakwa za ta shafa a kai, sai ɗakin nan na Rillieux, gefen birnin Lyon a ƙasar anasara, ya ɓace mini, da benensa da sanyinsa. Na ga kaina 'yar yarinya, ƙafa cikin rairayi mai ɗumi, a garin bakin teku inda aka yanke mini cibi.

Garin nan, in gaya muku, na baƙi ne. Anasara kan zo hutu su shanya jiki a rana kamar kilishi. In sun gaji da kwanciya sai a ɗebe su a kwale-kwale, wasu su je su dawo a yini, wasu su nausa kurmi kwana da kwanaki neman ganin giwa. Babanmu mutumin Damagaram ne, jakunkunan fata yake sayar musu a ƙofar otal.

Wata damina ya aika aka zo da mahaifiyarsa, don ba ta da sauran kowa a gida. Kaka tana sauka daga mota ta ƙi ruwan randarmu. A wurinsu, baƙon da zai zauna sai ya taka da ƙafarsa zuwa ruwan garin, ya ɗiba ya sha, ƙasar ta san shi. Ta hango teku yana ƙyalli a ƙarshen hanya, ta ciro ɗan ludayinta. Kafin a tare ta, ta isa.

Ta kurɓa. Ta tofar. Ta daɗe tana kallon ruwan.

"Ƙasar nan ta ƙi ni," in ji ta.

Ba ta kwance ƙunshinta ba. Baba ya ce gishirin teku na kowa ne, ba ta ji. Na famfo kuwa ta ce ruwan ƙarfe ne, ba shi da ƙasa. Ruwan sama kaɗai take tara ta sha, wai shi na Allah ne. Ta ce ranar da sama ta ɗauke, ranar za ta koma. Ni da nake kwana a bayanta cikin ƙanshin daddawa da hayaƙi, kullum safiya gajimare nake dubawa.

Da ruwa ya fara ja baya, Baba ya roƙi amininsa mai kwale-kwale ya ba mu wuri. Muka zauna tsakiyar anasara, duk suna ƙanshin man kwakwa. Kaka ta runtse ido, carbi a hannu.

"Ɗan nan, in kashe ni za ka yi, kai ni tudu."

Mai jirgi ya yi dariya. "Inna, buɗe ido mana! Waɗannan daga wata duniya suka taso don su gani."

Muka bar teku muka shiga bakin kogi. Itatuwa suka haɗe kai a samanmu, haske ya koma kore. Birai na leƙenmu, wani tsuntsu na kira kamar mai neman ɗansa. Har yau ban san ko barci na yi ba. Na dai ji ruri daga nesa, sai ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, fari fat kamar auduga.

Anasara suka shiga ɗaukar hoto. Kaka ta sauka da kanta, ta durƙusa, ta yi bisimilla, ta ɗiba. Baba ya kau da kai, ya kasa kallo. Ta sha. Ta ƙara.

"Ashe a bayan gida suka ɓoye shi," in ji ta.

Da yamma ta kwance ƙunshi, ta kaɗa mana miyar kuka. A garin nan kabarinta yake.

Yanzu ni ce tsohuwar da ɗanta ya aika aka kawo. Akwatina na ƙarƙashin gado a rufe tun zuwana. Ruwan famfon nan ɗanɗanon farar ƙasa gare shi, kogin Lyon kuwa daga tagar bas nake hangensa, ban taɓa sa masa hannu ba. Ɗana kuwa, ina ganin yana kallon akwatin.

Da na gama ba jikata labarin, ta daddanna waya.

"Mamie, samedi, ran Asabar, akwai bas mai zuwa duwatsu. Wai ruwa daga cikin dutse yake fitowa."

"Ana shan sa?"

"Je sais pas, Mamie, ban sani ba. Sai kin ɗanɗana."

Yau da safe na jawo akwatin. Ban buɗe shi duka ba. Na dai zura hannu na ciro ludayin Kaka.