Hancin Tanti Hawwa

A unguwar Talladjé ta Yamai, in ka tambayi gidan Mushe Halidu malamin lakwal, wato makarantar boko da ake ce wa malamanta Mushe, sai an ɗan yi tunani kafin a kwatanta maka. Amma in ka ce gidan matarsa Tanti Hawwa mai gato, wato kek, nan take za a nuna maka ƙofar da bishiyoyin zogale suka leƙo ta kan katangarta. Alhali kuwa ba ta taɓa sayar da gato ba. Yi take kawai don tana so, ta raba wa maƙwabta.

Daga Tahoua ta zo, shekarar da aka mayar da aikin mijinta Yamai. Tun ranar da ta sauka ta ce ita tukunyarta ba za ta ga dunƙulen magi ba. Daddawa, albasar Galmi, tumatir ɗanye da ganyen da ta tsinko da hannunta, su ne kayan miyarta. In ta shiga Petit Marché, masu kayan lambu har tsokanarta suke, don ba ta sayen komai sai ta kai shi hanci. Kabewa ce, kifi ne, na'ana'a ce, sai ta shinshina ta ce, "Wannan ya kwana," ta ajiye. Ba ta kuma taɓa yin kuskure ba.

Wani maƙeri a kasuwar Katako ne ya yanka mata rabin tano, wato gangar ƙarfe, ya yi mata murhun gashi, gawayi sama da ƙasa. A ciki take gasa gatonta na garin gero da dabino, babu sukari ko kaɗan. Ba ta duba agogo, ba ta buɗe murfi. Tana zaune tana gyaran zogale za ta ɗaga kai ta ce, "Ya yi." In aka buɗe, ya yi ɗin.

Wata damina zazzaɓi da mura suka kwantar da ita. Ta warke, ta miƙe, ta koma madafa. Ta zuba albasa cikin mai, ta ga tana soyuwa, ta ji ƙarar cuuu, amma ba ta ji komai a hanci ba. Ta sunkuya har tururi ya ƙona mata fuska. Shiru. Ta murza tafarnuwa a tafin hannu, ta buɗe kwalbar turare, har gawayin da ta jiƙa ta shinshina. Duk ɗaya. Abinci ma a bakinta ya koma kamar ana tauna tsumma, gishiri da tsami kawai take ɗan rarrabewa.

Likita ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, sai haƙuri. Ta roƙi Mushe Halidu kada ya gaya wa kowa.

Ana haka ƴarsu Sakina ta haihu, ta zo gida wanka. Ranar suna Tanti Hawwa ta ce ba mai taɓa mata gato. Ta kwaɓa, ta zuba, ta rufe, ta zauna gefen murhu tana haɗa kopto, wato kwaɗon zogale da ƙuli. Mariama maƙwabciyarta ce ta faɗo gidan da gudu, mayafi a hannu.

"Hawwa! Me ke ƙonewa? Tun daga ɗakina nake jin ƙauri!"

Tanti Hawwa ta juya ta ga hayaƙi na fita ta gefen murfi, kusa da gwiwarta. Gaton ya zama gawayi. Matan da ke tsakar gida suka juyo suna kallo. Mariama ta dube ta, ta dubi murhun, ta gane. Ta ɗauke tiren ta kai bayan gida.

Tanti Hawwa ta shige ɗakin mai jego. Sakina ta miƙa mata jinjirin tana murmushi.

"Inna, ji ƙamshin kansa. Ni dai na kasa daina shinshina shi."

Ta karɓe shi, ta ɗora hancinta a kan gashinsa mai laushi, ta ja numfashi. Ta sake ja. Sai hawayenta suka sauka a goshin yaron. A nan Sakina ta san abin da ya sami uwarta.

Bayan suna Tanti Hawwa ta rufe murhun da buhu, ta daina zuwa kasuwa. Ta rame, don ba ta ganin dalilin cin abin da ba ta ji. Mushe Halidu, da bai taɓa sanin inda ludayi yake ba, wata safiya ya jawo kujera ya zauna bakin madafa.

"Ki dafa, ni zan riƙa ɗanɗana miki."

"Kai, Mushe? Kai da ko ruwan zafi aka ba ka sai ka ce ya yi daɗi?"

"To, ki koya mini."

Ranar farko ya ɗanɗana miya ya ce ta yi. Ta ajiye ludayin.

"Don Allah kada ka yi mini ƙarya. Ita ce kawai ba zan iya ɗauka ba."

Ya sake kurɓa, ya daɗe yana juya ta a baki, ya ce, "Daddawa ta yi yawa. Kamar kuma akwai ɗaci daga baya." Ta gyaɗa kai, ta ce ganyen ne ya tsufa.

Haka suka ci gaba. Yanzu tare suke zuwa Petit Marché, tana zaɓa da ido, tana miƙa masa yana shinshinawa, masu kaya suna dariya. Wani lokaci ya dace, wani lokaci su dawo da kifin da dā ko kallonsa ba za ta yi ba. Gato kuwa sai ya riƙe mata agogo, kuma ita da kanta ta ce bai kai na dā ba, ta gani a fuskokin masu ci.

Hancin bai dawo ba har yau. Tana dafawa, gidan na ci, maƙwabta na samun rabonsu. Ita kuwa takan zuba ɗan kaɗan a kwano, ta ci don kada ta faɗi, ta wanke hannu.