Jinin Dodon Koɗi da Kawun Matata

Aikina na farko bayan sakandare a ɗakin gwaji na jami'a ne, a Samaru, ƙarƙashin wani malami da ya yi shekara biyar a Turai yana karantar jinin dodon koɗin teku. Ya dawo ya ci gaba da binciken a Zariya, inda babu teku, babban ruwanmu rafin Kubanni ne. Don haka duk Laraba nake hawa keke zuwa kasuwar Sabon Gari, wajen wata mata 'yar kudu da ake kawo mata dodannin da rai ta jirgin ƙasa.

A can wata gwaggon yarinyar da nake nema ta gan ni ina ciniki. Kafin in kai Samaru labari ya isa Hanwa, unguwar su yarinyar, cewa ina cin ƙazanta, wasu suka ce tsafi nake. Aka dakatar da maganar aure. Na kwana uku ba na iya cin abinci, don ina son yarinyar nan ƙwarai.

Kawunta, wanda shi ne waliyyinta, tsohon marini ne. Ya aiko in zo. Na durƙusa a zaurensa da kwalbar jinin dodon koɗi da hotuna.

"Baba, ba ci nake ba. Jininsu muke ɗiba."

"To, ai gara cin," in ji shi.

Na yi ta maza na fara bayani. Namu jinin ƙarfe ne ke riƙe masa iska, shi ya sa yake ja. Nasu tagulla ce. Na girgiza kwalbar, ruwan da ke ciki fari-fari ya juye shuɗi. Tsoho ya gyara zama.

"Haka baban rini ke yi. Sai zane ya sha iska yake shuɗi. Yana kama tufa?"

"A'a, Baba."

Na miƙa masa hotunan da aka ɗauko mana a Turai da na'ura mai girmama abu. Na ce ƙwayoyin da ke ɗaukar iska ƙanana ne, guda goma ke haɗuwa su yi zobe mai rami kamar turmi marar gindi. Turmi biyu su kife baki da baki. A wasu dodannin ma su yi ta jeruwa har su zama dogon bututu. In an sa abu mai kaifin kanwa su watse, in an cire shi aka sa wani gishiri dangin alli su sake haɗa kansu, ba mai jera su.

"Kai kake haɗa su?"

"Su ke haɗa kansu. Ni jira nake."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan."

"Yana maganin me?"

"Ba a gano ba tukuna."

"Kuma gwamnati na biyanka?"

Na ce e. Ya daɗe yana kallona. Ni kuwa har na fara jin daɗi, a zatona ilimi ya ratsa shi. Sai ya ɗaga murya ya kira gwaggon daga cikin gida.

"Ke, a sa rana. Wannan ba shi da wayon tsafi. Mutumin da zai shekara uku yana gadin kwalba ba zai taɓa gajiya da halin 'yarmu ba."

Na fito da mata a hannu, raina a ɓace. Har ya rasu, in zai gabatar da ni ga baƙi, cewa yake, "Surukina ne, bawan Allah, ba ya komai."