Motar da shinkafa ta tsiro a cikinta

Jama'a, yau saura kaɗan in sayi fadama mai taya huɗu!

Kun san kullum daga Gwadangaji nake zuwa aiki Argungu, motar haya ta gama min da baya. Sai wani dillali, Ɗanjuma, ya kawo min dankareriyar mota irin ta manya. Kujerun fata, ga sanyi, kuɗin kuwa kamar kyauta. Nan fa na fara zargi. Kuma ta sha turaren wuta kamar ɗakin amarya!

Na ce, "Wanga turare hwa?"

Ya ce, "Yallaɓai, mai ita akwai tsabta."

Na ce mu gwada ta zuwa Argungu. Ya ce hanyar Jega ta fi kyau. Na ƙi!

Tafiya kam kamar a kan katifa. Muna shiga Argungu sai Ɗanjuma ya nutse a kujera, ya rufe fuska da hula. Na tsaya wurin tsohuwar da nake sayen kifi. Ta zagaya motar, ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Ɗana, ashe ta bushe?"

"Mi ya bushe, Inna?"

"Motar mana! Ba ita ambaliya ta kwashe zuwa gonakin shinkafa ba?"

Na leƙa ƙarƙashin kujera. Wallahi laka ce, shinkafa har ta tsiro!

Ɗanjuma ya ce, "Yallaɓai, ai albarka ce."

Na miƙa mai makulli, na ce ya jira girbi. A motar haya na dawo, mu huɗu a baya. Ban taɓa jin daɗinta irin na yau ba!