Baba Akawu da Umarnin da Ke Aiken Kansa

Duk lokacin da ya kai ƙarshen layi, hannunsa na hagu yakan ɗaga kaɗan, kamar zai tura kan tafireta. Tafiretar ta daɗe da barin teburinsa, hannun ne bai samu labari ba. A ofis Akawu ake ce masa. A ajin koyon rubuta manhajar kwamfuta kuwa, inda ya girme wa kowa har da malamar, Baba ne.

Ba sha'awa ce ta kai shi ajin ba. Sabon shugaban ofis ne ya faɗa, yana murmushi, cewa duk wanda bai ci jarrabawar ƙarshe ba, kujerarsa za ta samu mai zama. Baba kuwa yana da 'ya'ya a makaranta.

Darussan farko ba su ba shi wuya ba, sai da aka zo kan jera lambobi daga ƙarama zuwa babba. Malama ta ce umarni guda za a rubuta. Zai raba jerin gida biyu, ya miƙa wa kansa kowane rabi ya jera, in sun dawo a jere ya haɗe su. In lamba ɗaya tak aka ba shi, ya mayar da ita yadda take. Nan ne matsayarsa.

"Ya miƙa wa kansa?" in ji Baba. "To, 'yata, wa ya yi aikin ke nan?"

"Shi ɗin dai, Baba. Kai dai ka aike shi, ka yarda zai dawo."

Dogo, wanda ke zama kusa da shi, ya ce, "Malama, Baba fa ko ruwa ya aika a sayo masa, sai ya bi ɗan aiken a baya."

Aji ya yi dariya. Baba bai yi ba. Matarsa ta sha faɗa masa haka, da wasu kalmomin.

Ranar jarrabawa ba a jin komai sai fanka da ƙarar madannai. Baba ya rubuta rabawar tsaf. Sai idonsa ya tsaya kan layin matsayar. A mayar da abu ba a duba ba? Tunda yake aiki bai taɓa barin takarda ta wuce shi haka ba. Ya goge layin, ya ƙara wani da zai nuna masa kowane rabi, sannan ya gwada.

Lambobi suka yi ta zuba. Ɗaya ta rage, umarnin ya raba ta, ya aiki kansa, ya sake rabawa, babu mai dawowa. Can sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. 

Ya mayar da layin, zubar ta tsaya. Saura haɗawa, kuma ya san yadda ake yi. Amma sai ya ɗora yatsa a kan gilashin, ya shiga bin kowane rabi yana motsa leɓe.

"Baba, ƙyale shi, ka rubuta haɗawar," Dogo ya raɗa masa. "Malama ta fara duban agogo."

"Bari in ga inda wannan ya shiga tukuna."

Ya ɓace a tsakiya, ya koma farko. Yana cikin bi na biyu Malama ta ce kowa ya ɗauke hannunsa. Ta zo bayansa ta tsaya, ta daɗe tana karantawa.

"Rabawarka babu kuskure, Baba," ta ce. Sannan ta wuce wurin na gaba.

Kafin wata ya ƙare ya kwashe kofinsa da tabarau daga teburin ofis. Ya roƙi babbar 'yarsa ta ajiye masa aikin a kwamfutarta, wai zai ƙarasa in ya samu sarari. Umarnin yana nan har yau. In aka ba shi lambobi yakan raba su har kowace ta tsaya ita kaɗai. A ƙasa Baba ya rubuta "a haɗe su", bayan haka babu komai.